Malami da Manhajar Shirin Jarrabawa Mai Bin Sawun Ɗalibi: Abubuwan Lura Kafin a Soma

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne yin bayani a kan wani kayan aiki da ya shigo hannun malamai a 'yan shekarun nan, watau manhajar kwamfuta wadda ake shiga ta intanet domin shirya ɗalibai su fuskanci jarrabawa. Ba kowace irin manhaja muke nufi ba. Wadda za mu yi magana a kanta ita ce wadda take auna ƙarfin ɗalibi tun yana cikin amsa tambayoyi, sa'an nan ta zaɓo masa tambaya ta gaba gwargwadon ƙarfin da ta ga yana da shi: in ya ci ta ƙara masa nauyi, in ya faɗi ta sassauta masa. Domin sauƙin magana za mu riƙa kiranta "manhaja mai bin sawu", tun da yake sawun ɗalibi take bi. Haka kuma, domin gudun ruɗani, duk inda muka ce "manhaja" ta kwamfuta muke nufi. Jerin darussan da hukumar jarrabawa ta tsara kuwa, "silabas" za mu ce masa.

Abin da ya sa muka ga ya dace a kawo wannan batu gaban 'yan'uwa malamai a wannan taro shi ne, a iya lurarmu, horon da akan yi wa malami sa'ad da aka kawo irin wannan manhaja makarantarsu bai cika wuce a nuna masa inda zai latsa ba: ga yadda ake buɗe aji, ga yadda ake shigar da sunayen yara, ga inda rahoto yake fitowa. Wannan kuwa abu ne da ake iya koyo a yini guda. Abin da ba a cika faɗa masa ba shi ne ma'anar alkaluman da manhajar take nuna masa, da kuma iyakar abin da ta sani game da yaron da ke zaune a gabanta. Malamin da bai san waɗannan ba yana iya tsawata wa yaron da ke ci gaba, ya yaba wa wanda ke tsaye wuri ɗaya, kuma ba zai farga ba sai ranar da sakamako ya fito, bayan shekarar yaro da kuɗin iyayensa sun riga sun tafi.

2.0 Asalin Dabarar

Ba wa kowane ɗalibi aiki daidai ƙarfinsa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A makarantar allo yara talatin suna iya zama a zaure ɗaya, amma kowa da inda allonsa ya tsaya, kuma malam ba ya yi wa yaro ƙari sai ya biya masa na baya ya ji ya zauna, sa'an nan ya ba shi izinin wankewa. Tsarin ajin boko ne ya zo da ɗora yara duka a kan darasi ɗaya a rana ɗaya. Saboda haka wanda ya san makarantar allo ya riga ya san rabin abin da wannan manhaja take ƙoƙarin yi. Ɗaya rabin, watau auna nauyin tambaya da ƙarfin mai amsawa da alkaluma, daga masana awon ilmi na Turai da Amurka ya fito.

A cikin shekarar 1905 Alfred Binet da abokin aikinsa Théodore Simon suka fito da wani gwajin basirar yara a ƙasar Faransa, suka sake fasalinsa a 1908 inda suka jera tambayoyin bisa shekarun haihuwa. Mai gwaji yakan soma da tambayoyin da suka yi kusa da shekarun yaro, in yaro ya iya a hau sama da shi, in ya kasa a sauko ƙasa. Amma wannan aiki ne na mutum ɗaya da yaro ɗaya. Lissafin da ya ba da damar a miƙa wa na'ura aikin ya samu ne daga baya, musamman daga littafin da Georg Rasch, wani masanin lissafi ɗan ƙasar Danmak, ya wallafa a 1960, da kuma ayyukan Frederic Lord da David Weiss a Amurka a cikin shekarun 1970. Manyan jarrabawa ba su karɓi tsarin ba sai da kwamfuta ta yi arha: jarrabawar GRE a 1993, jarrabawar NCLEX ta ma'aikatan jinya a 1994, jarrabawar GMAT a 1997. Daga ɗakin jarrabawa ne dabarar ta gangaro zuwa manhajojin shiri da ake sayar wa makarantu a yau.

3.0 Yadda Take Aiki

A nan za mu ɗan daɗe, domin a ganinmu duk sauran bayanin a kan wannan ya dogara.

Bari mu ƙaddara an yi wani tsani, an jera tambayoyi a kansa kowace da matakinta, daga masu sauƙi a ƙasa zuwa masu wuya a sama, sa'an nan aka ɗora ɗalibai a kan wannan tsanin kowa da matakinsa. Abin da lissafin Rasch ya ce shi ne, idan ɗalibi da tambaya suna mataki ɗaya, to damar da yake da ita ta cin tambayar kashi 50 ce cikin 100. In ya fi tambayar da mataki ɗaya, damarsa ta zama kimanin kashi 73. In da mataki biyu ne, kimanin kashi 88. In kuwa tambayar ce ta fi shi da mataki ɗaya, damarsa ta koma kashi 27. In da biyu ne, kashi 12. A lura da cewa ba a ce mai ƙarfi ba ya faɗuwa ba, ba a kuma ce mai rauni ba ya dacewa ba. Maganar dama ake yi.

To, ta yaya aka san matakin kowace tambaya? Ba malami ne ya dube ta ya ce wannan mai wuya ce ba. Kafin a zuba tambaya a cikin rumbun tambayoyi, sai an gwada ta a kan ɗalibai masu yawa an ga irin waɗanda suka ci ta da irin waɗanda suka faɗi. Ke nan nauyin tambaya shaida ce ta waɗancan ɗaliban da aka gwada ta a kansu. Za mu komo kan wannan a gaba, domin yana da muhimmanci ga malamin da yaransa ba su yi kama da waɗancan ɗalibai ba.

Yanzu sai zaɓen tambaya. Aikin manhajar a nan ya yi kama da ciniki a kasuwa. Mai saye ba ya taya abin naira dubu a naira ɗaya, domin ya san amsar da za a ba shi, kuma amsar ba za ta ƙara masa sanin farashi ba. Yakan taya ne kusa da inda yake zaton za a daidaita, in an ce albarka ya ƙara, har a kai ga sallamawa. Haka manhajar take yi. Tambayar da ta tabbata yaro zai ci ba ta gaya mata kome game da shi, haka ma wadda ta tabbata zai faɗi. Wadda ta fi ba ta labari ita ce wadda take daidai matakinsa, inda ci da faɗuwa suka yi kunnen doki. Da wannan dabara ce jarrabawa mai bin sawu take iya gano matsayin ɗalibi da kimanin rabin yawan tambayoyin da jarrabawar takarda take bukata.

Abin da ya biyo bayan wannan shi ne ya fi rikita sabon malami. Tun da yake kowane yaro ana ba shi tambayoyin da ke bakin iyakar ƙarfinsa, to zakaran aji da na kashin baya duk suna iya tashi da kusan rabin tambayoyinsu daidai. Malamin da ya saba da cewa wanda ya ci 80 cikin 100 ya fi wanda ya ci 50, in ya kawo wannan ma'auni nan ya yi ɓatan kai, domin mai 50 ɗin yana iya kasancewa a saman tsani yake fafatawa, mai 80 kuwa an sassauta masa ne. Abin dubawa shi ne matakin da yaro yake, da kuma ko matakin yana hawa daga wata zuwa wata.

Masu ƙera manhajojin atisaye sun lura cewa faɗuwa a rabin tambayoyi tana karya zuciyar yara, don haka sukan sassauta da gangan. Misali, manhajar lissafi ta Rekentuin, wadda masu bincike a Jami'ar Amstadam ta ƙasar Holan suka ƙirƙiro, tana zaɓen tambayoyin da yaro yake da damar ci kusan kashi 75 cikin 100, kuma tana auna yara da tambayoyi ne da irin lissafin da Arpad Elo ya tsara domin jera gwanayen wasan dara na Turawa. Ya kamata malami ya tambayi masu kawo masa manhaja wane kaso tasu take nufa, domin sai ya san wannan ne zai san ko abin da yake gani a rahoto alamar matsala ce ko kuwa manhajar ce take aikinta.

Har ila yau, matakin da manhaja ta ba yaro ƙiyasi ne, kuma kowane ƙiyasi yana da kuskure a gefensa. Bayan tambaya biyar kuskuren yana da faɗi ƙwarai. Bayan talatin ya tsuke, amma bai ɓace ba. Ɗan hawa da sauka tsakanin Litinin da Laraba ba dalili ba ne na a aika a kira uban yaro.

Akwai wani rukunin manhajoji da ba tsani ɗaya suke amfani da shi ba. Su taswirar darussa suke zanawa, su nuna wane darasi ne sharaɗin wane, sa'an nan su gano waɗanda yaro ya iya da waɗanda ya isa ya shiga yanzu. Manhajar ALEKS, wadda aka gina a kan nazarin da Jean-Paul Doignon da Jean-Claude Falmagne suka wallafa a 1985, tana cikin wannan rukuni. Rahoton irin waɗannan ya fi sauƙin amfani ga malamin aji, domin sunayen darussa yake ba shi.

4.0 Wace Jarrabawa Ake Shirya wa Yaro?

Wannan ita ce tambayar da ta kamata malami ya fara yi wa kansa tun kafin ya buɗe kwamfuta, domin jarrabawar kwamfuta daban, jarrabawa mai bin sawu daban, ko da yake mutane da yawa suna haɗa su.

Hukumar JAMB a Nijeriya ta soma jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta mayar da ita gaba ɗaya ta kwamfuta a 2015. Hukumar WAEC kuma ta soma tata a 2024 da ɗalibai masu zaman kansu. Amma jarrabawar JAMB ba ta bin sawu. Ɗalibi yana samun tambayoyi 180, watau 60 na Ingilishi da 40 a kowane ɗaya daga sauran fannoni uku, cikin awa biyu, kuma amsar da ya bayar ba ta sauya tambayar da ke biye. Yana da ikon ya tsallake tambaya, ya komo mata daga baya, ya sake amsa. In aka raba minti 120 ga tambaya 180, kowace tambaya ta tashi a daƙiƙa 40.

A gwada wannan da jarrabawar NCLEX, wadda ma'aikatan jinyarmu masu neman aiki a Amurka suke zaunawa. Ita tambaya bayan tambaya take bin sawu, ba a tsallakewa, ba a komawa baya, kuma tun daga 2023 tana iya tsayawa ko'ina tsakanin tambaya 85 da 150, da zarar na'ura ta gamsu da matsayin mai amsawa. Jarrabawar SAT kuwa, wadda ta koma ta kwamfuta a ƙasashen waje a 2023, a Amurka kuma a 2024, tsaka-tsaki ta ɗauka: kowane fanni an raba shi kashi biyu, ƙoƙarin ɗalibi a kashin farko shi ke sa a ba shi kashi na biyu mai wuya ko mai sauƙi, amma a cikin kowane kashi yana iya kai da komowa. GRE ma irin wannan tsari ta koma tun 2011.

Me wannan yake nufi ga malami? Yaron da ya shafe wata shida a kan manhaja mai bin sawu ya saba da abu uku: tambayoyi suna zuwa daidai ƙarfinsa, ba a komawa baya, kuma sau da yawa ba a matsa masa da lokaci. In JAMB zai zauna, ba ko ɗaya daga cikin ukun da zai tarar a ɗakin jarrabawa. Zai tarar da masu sauƙi da masu wuya a gauraye, kuma dabarar da za ta fisshe shi ita ce ya kwashe masu sauƙi tukuna, ya bar masu wuya zuwa ƙarshe, dabarar da manhajar ba ta taɓa ba shi damar gwadawa ba. Wannan ba aibi ba ne ga manhajar, amma giɓi ne da malami kaɗai zai cike. Haka kuma wajibi ne ya ɗauki silabas ɗin hukumar ya aza shi kusa da jerin darussan manhajar, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Manhajar da aka gina domin wata ƙasa tana iya zama gwana a lissafi, amma ta rasa babi sukutum da hukumarmu take tambaya a kai.

5.0 Makon Farko

Shawararmu ta farko ita ce malami ya buɗe wa kansa asusu a matsayin ɗalibi, ya yi gwajin farko sau biyu: sau ɗaya da iyakar ƙoƙarinsa, sau ɗaya kuma yana faɗuwa da gangan. Da haka zai ga inda manhajar take kai yaro mai ƙarfi da inda take kai mai rauni, zai kuma ci karo da tambayoyin da aka yi kuskure a amsarsu in akwai su, tun kafin yara su ci karo da su.

Sa'an nan sai gwajin farko na yara, wanda a kansa manhajar take ɗora duk abin da zai biyo baya. Hatsarin da ke cikinsa daga kyakkyawar niyya yake zuwa. Malami ya ga yaro ya kafe a kan tambaya, tausayi ya kama shi, ya ɗan nuna masa hanya; ko yaro ya leƙa allon maƙwabcinsa; ko a bar shi ya yi gwajin a gida, yayansa ya zauna kusa da shi. Duk wanda ya yi wa yaro haka ya ɗora shi a matakin da ba nasa ba, kuma makonnin da ke tafe manhajar za ta yi ta jifansa da tambayoyin da suka fi ƙarfinsa har ya tsani abin. Saboda haka a yi gwajin a makaranta, a gaban malami, kuma a gaya wa yara a fili tun kafin a soma cewa wannan gwaji ba a cinsa ba a faɗuwarsa, kuma jin tambayoyi suna ƙara wuya alama ce ta ana yin ƙoƙari. Inda manhaja ta ba da zaɓin "ban sani ba", a umurce su su yi amfani da shi maimakon canki-canka, domin a tambaya mai zaɓi huɗu wanda bai san kome ba ma yana iya dacewa da ɗaya cikin huɗu, na'ura kuwa ba ta ganin fuskarsa balle ta gane dace ya yi.

Akwai kuma yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. In aka zaunar da shi gwaji a ranarsa ta farko, hannunsa za a auna, ba iliminsa ba. A ba irin waɗannan yara zama ɗaya ko biyu su saba da na'urar tukuna.

Game da asusu, kowane yaro da nasa, da kalmar sirrinsa. A gidajen da waya ɗaya ce take zagaya 'ya'ya uku, abu ne mai sauƙi wa da ƙane su riƙa aiki da asusu ɗaya, manhajar kuwa za ta haɗa amsoshinsu ta fitar da matsayin wani yaro da babu shi a duniya. A nemi yardar iyaye a rubuce kafin a shigar da sunayen yara, domin dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta shar'anta yardar uba ko uwa ko mai riƙo kafin a sarrafa bayanan ƙaramin yaro. A kuma bincika abin da ke faruwa in wuta ta ɗauke ko intanet ta yanke a tsakiyar aiki, ko manhajar tana ajiye inda aka tsaya ko kuwa sai an sake daga farko.

6.0 Karanta Rahoto

Shafin malami a irin waɗannan manhajoji yakan zo cike da launuka da alkaluma: minti nawa yaro ya yi, tambaya nawa ya amsa, kwana nawa ya jera. Waɗannan su suka fi ɗaukar ido, su ne kuma suka fi ƙarancin amfani. Yaro yana iya barin shafi a buɗe ya tafi cin abinci. Wani kuma yana iya gano cewa in ya yi ta latsa maɓallin neman taimako manhajar za ta ƙare da faɗa masa amsa. Ryan Baker da abokan aikinsa a Jami'ar Carnegie Mellon sun yi nazarin wannan hali a 2004, suka ga yaran da suke yi wa manhaja irin wannan wayo ba sa ƙaruwa kamar sauran. Alamarsa a rahoto ita ce tambayoyi masu yawa cikin lokaci ƙanƙane. Tambayar lissafi da aka amsa cikin daƙiƙa uku ba a karanta ta ba.

Abin da ya fi daraja a cikin rahoton shi ne amsar kuskuren da yaro ya zaɓa. Bari mu ba da misali. An tambayi yara su tara 1/2 da 1/3, watau rabi da sulusi, aka ba su zaɓi huɗu: 5/6 da 2/5 da 1/6 da 2/6. Amsa ita ce 5/6. A wurin lissafin tsani, duk wanda bai zaɓe ta ba faɗuwa ɗaya ya yi, a sauko da shi mataki. Amma a wurin malami ba haka ba ne. Wanda ya zaɓi 2/5 ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, watau bai fahimci abin da lambar ƙasa take nufi ba, har bai lura cewa amsarsa ba ta kai rabin da ya soma da shi ba. Wanda ya zaɓi 1/6 ya ninka ne ko ya ɗebe, ƙila alamar ce bai duba ba, ƙila kuma ƙa'idojin ne suka cakuɗe masa. Wanda ya zaɓi 2/6 ya san sai an nemo lambar ƙasa ta tarayya, har ya samo ta, ya manta ya gyara na sama. Wannan yana bakin ƙofa, kalma biyu ta ishe shi. Cuta uku ke nan, magani uku. In malami ya ga yara goma sha biyu cikin arba'in sun zaɓi 2/5, to ya sami darasin da zai koyar gobe a kan allo, kuma ƙarin tambayoyi ɗari daga na'ura ba za su maye gurbin wannan darasi ba.

Yanzu sai mu koma kan abin da muka ambata a baya game da nauyin tambaya. Tambayar da aka auna a kan yaran da Ingilishi ne harshen gidansu, ta fito a matsayin mai sauƙi, tana iya zama mai wuya ga yaron da Hausa yake ji a gida, ba domin lissafin da ke cikinta ba, sai domin jimlar da aka naɗe lissafin a ciki, ko domin misalin an ɗauko shi daga wani wasa ko wani abinci da bai taɓa gani ba. Manhajar ba ta bambanta wanda bai iya lissafi ba da wanda bai gane tambaya ba; saukar da su za ta yi su duka. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Malami ya kira yaron, ya faɗa masa tambayar da Hausa, ya ga ko zai warware. In ya warware, to aikin da ke gabansu na harshe ne, kuma mayar da shi lissafin aji huɗu ɓata masa lokaci ne.

7.0 Abin da Aka Gani a Indiya, da Rabon Lokaci

Daga cikin binciken da aka fi dogara da shi a wannan fanni akwai wanda Karthik Muralidharan da Abhijeet Singh da Alejandro Ganimian suka yi a birnin Delhi, aka buga shi a 2019. Sun ɗauki yara 619 daga makarantun gwamnati, aka jefa ƙuri'a, waɗanda ƙuri'a ta faɗa wa suka riƙa zuwa cibiyoyin wata manhaja mai suna Mindspark bayan an tashi daga makaranta: minti 45 a kan kwamfuta, minti 45 kuma tare da mai koyarwa a ƙaramin rukuni. Gwajin farko ya nuna cewa matsakaicin yaro ɗan aji shida yana bayan ajinsa da kimanin shekara biyu da rabi a lissafi, kuma a cikin aji ɗaya ana samun yaran da tazarar da ke tsakaninsu ta kai ta aji biyar ko shida. Bayan wata huɗu da rabi, yaran da suka halarci cibiyoyin sun ƙaru ƙwarai fiye da takwarorinsu, a lissafi da kuma harshen Hindi.

Amma ga abin da ya shafi mai shirya yara ga jarrabawa. Da aka duba sakamakon jarrabawar da makarantunsu suka yi musu, wadda aka tsara bisa silabas ɗin ajinsu, an ga ƙaruwa a Hindi, ba a ga wata ƙaruwa ta a-zo-a-gani a lissafi ba. Dalili kuwa shi ne manhajar ta tarar da yaran can ƙasa, ta tsaya tana gyara musu tushe, wata huɗu da rabi bai isa ta hau da su zuwa darussan ajinsu ba. Ta yi abin da ya dace da ilmin yaran, amma jarrabawa ba ta jira. Malamin da aka kawo wa manhaja saura wata uku a zauna jarrabawa, yaransa kuma suna baya da shekaru, ya sani cewa in ya sakar mata linzami gaba ɗaya za ta kai su inda suke da rauni, wanda ba lalle ne ya zama inda maki yake ba. Don haka muke ganin a aji huɗu na sakandare ya kamata a soma, watau shekarar farko ta babbar sakandare, ba a aji shida ba. In kuwa an riga an makara, sai malami ya zaɓi darussan da manhajar za ta yi aiki a kansu, in tana ba da wannan dama.

Game da tsawon zama, gajere mai yawan maimaituwa ya fi dogo na sau ɗaya. Tun a 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna yadda mantuwa take saurin cin sabon karatu, da yadda bita a rarrabe take rage ta. A 2006 kuma Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka ba ɗalibai wani nassi. Waɗansu suka yi ta maimaita karanta shi, waɗansu suka karanta sau ɗaya sa'an nan aka yi ta gwada su a kansa. Bayan mako ɗaya masu maimaita karatu sun tuna kashi 40 cikin 100, waɗanda aka gwada kuwa kashi 61. Ke nan amsa tambaya ita kanta karatu ce, irin tilawar da ɗalibi yake yi da ka. Minti ashirin ko talatin sau huɗu a mako ya fi awa biyu ranar Asabar, kuma ya fi dacewa da makarantar da kwamfutocinta ba su kai yawan yara ba: a raba aji biyu, rabi a kan na'ura, rabi tare da malami a kan kurakuran da rahoton jiya ya nuna, sa'an nan a yi musanya.

In ya rage mako shida ko takwas a shiga jarrabawa irin ta JAMB, sai a rage aikin bin sawu, a koma ga cikakkiyar jarrabawar gwaji sau ɗaya a mako, tambaya 180 cikin awa biyu, da agogo a gaba, a kan kwamfutar tebur maimakon waya, domin a kan irinta yaro zai zauna ranar jarrabawa. A nan ne za a koya masa ya wuce tambayar da ta ci masa fiye da minti ɗaya, ya komo mata in lokaci ya ragu, kuma kada ya miƙa aiki da gurbi ko ɗaya a buɗe.